Tsarin A ko Tsarin T: Zaɓen Hanyar Lissafin Kwararar Zagaye a Cikin Ƙarfe

Wanda ya saba duba manyan taransifomomi ya san cewa akwai wani wuri a jikin murfinsu, daidai inda bushin na ɓangaren ƙaramin ƙarfin wuta, wato bututan da sandunan jan ƙarfe ke ratsa murfin ta cikinsu, suke fitowa, da fenti kan yi duhu ko ya fara ɓarewa, alhali babu wata waya da ta taɓa ƙarfen murfin. Abin da ke gasa wurin wata kwararar lantarki ce da ke haifuwa a cikin ƙarfen kansa, saboda filin maganaɗisun da ke kewaye da sandunan jan ƙarfe yana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa, kamar yadda wutar Najeriya da ta Nijar take. Wannan kwarara ba ta da mafari kuma ba ta da maƙura, zagaye kawai take yi a cikin ƙarfen tana mayar da ƙarfin lantarki zafi, shi ya sa a nan za mu kira ta kwararar zagaye. A Faransa da sunan Léon Foucault ake kiranta, mutumin da ya nuna a shekarar 1855 cewa faifan jan ƙarfe da ake juyawa tsakanin bakunan maganaɗisu yana yin nauyin juyawa kuma yana ɗaukar zafi. Masu ƙera taransifoma kan magance matsalar murfin ta hanyar yanke ƙarfen da ke tsakanin ramukan bushin su cike gurbin da ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa, amma sanin faɗin da za a yanke da zafin da zai rage bayan yankan, wannan sai da lissafi.

Hanyar da ta zama ruwan dare wajen wannan lissafi ita ce wadda injiniyoyi ke taƙaita sunanta da FEM, wato a rarraba abin da ake nazari zuwa dubban ƙananan yankuna masu kusurwa uku ko masu fuska huɗu, waɗanda idan aka haɗa su suke kama da raga, sannan a nemi filin a kan ƙulle-ƙullen ragar ko a kan gefunan yankunanta. Peter Silvester da M. V. K. Chari na Jami'ar McGill a Kanada su ne suka shigo da ita cikin lissafin injunan lantarki a shekarar 1970. Sai dai kalmar FEM ita kaɗai ba ta gaya wa mutum abin da zai yi ba, domin a ƙarƙashinta akwai tsare-tsare da dama na rubuta dokokin Maxwell, wato dokokin da ke bayyana alaƙar lantarki da maganaɗisu, kuma kowannensu yana da inda yake da ƙarfi da inda yake yaudarar mai amfani da shi. Ra'ayina shi ne zaɓin bai kamata ya fara daga manhajar da mutum ya samu a kwamfutarsa ba. Ya kamata ya fara ne daga tambayoyi biyu game da ƙarfen kansa: nawa ne zurfin da filin yake shiga cikinsa, kuma shin yana da rami a jikinsa ko ba shi da shi.

Tambaya ta farko ana amsa ta da takarda da biro kafin a kunna kwamfuta. Filin da ke juyawa ba ya ratsa ƙarfe gaba ɗaya, yana raguwa ne daga fuska zuwa ciki, kuma akwai wani zurfi da idan aka kai shi ƙarfin kwararar ya ragu zuwa kashi 37 cikin ɗari na abin da yake a fuska. Wannan zurfin shiga yana ƙanƙancewa idan saurin juyawar filin ya ƙaru, ko ƙarfen ya fi iya ɗaukar lantarki, ko ya fi karɓar maganaɗisu. A 50 Hz, wato juyawa sau 50 a daƙiƙa, zurfin shiga na jan ƙarfe kimanin milimita 9.3 ne, na alminiyam kimanin milimita 12, amma na baƙin ƙarfen da ake yin tankin taransifoma da shi bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, gwargwadon yadda ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu, wato yadda ya kusanci iyakar maganaɗisun da zai iya ɗauka. Idan aka kai 10,000 Hz, kamar a tandun narka ƙarfe, na jan ƙarfe ya koma milimita 0.66. A ƙarfe mai kauri, kimanin kashi 86 cikin ɗari na zafin duka yana haifuwa ne a cikin wannan zurfi na farko, saboda haka ragar da ba ta da aƙalla yankuna biyu ko uku a cikinsa za ta ba da amsa mai kyan gani a hoto wadda ba ta da gaskiya a adadi. Babu tsarin da zai ceci mutum daga wannan.

Kafin a shiga muhawarar manyan tsare-tsare, yana da kyau a ce idan matsalar tana karɓar lissafi mai fuska biyu, to a tsaya nan. Dogayen sandunan jan ƙarfe da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ko koyil mai siffar da'ira da ke kewaye da bututu, duka ana iya lissafa su da adadi guda a kan kowane ƙulli, babu wata rigima, kuma manhajar FEMM ta David Meeker, wadda kyauta ce, tana gama irin wannan aiki cikin daƙiƙoƙi a ƙaramar kwamfuta. Iyakarta ita ce tana ɗauka cewa kwararar tana tafiya miƙe har abada, ba ta ganin inda take juyowa a ƙarshen ƙarfen. A gajeren ƙarfe, kamar gutsuren maganaɗisu a cikin injin lantarki mai juyawa ko murfin da muka fara da shi, wannan juyowa ita ce rabin labarin, kuma dole a koma lissafi mai fuska uku.

A nan ne hanya ta rabu biyu. Tsari na farko shi ne na A da V. A cikinsa ba a neman filin maganaɗisu B kai tsaye, ana neman wani fili mai suna A wanda idan aka ɗauki murɗinsa, wato aka auna yadda yake juyawa a kewayen kowane wuri, sai a samu B. A cikin ƙarfe kuma ana ƙara V, adadi guda mai alaƙa da ƙarfin wuta. Tsari na biyu shi ne na T da Omega, wanda C. J. Carpenter ya gabatar a Ingila a shekarar 1977. Shi kuma kwararar lantarki, wadda ake kira J, ita ce ake samu daga murɗin wani fili mai suna T, sannan a cikin iska, inda babu kwarara, ana wakiltar filin H, wato ƙarfin filin maganaɗisu, da gangaren adadi guda ɗaya mai suna Omega, wato yadda adadin yake hawa ko sauka daga wuri zuwa wuri. Ɗan'uwansa na jini shi ne tsarin H, wanda Alain Bossavit da Jean-Claude Vérité suka gina manhajar TRIFOU a kansa a kamfanin wutar lantarki na Faransa a farkon shekarun 1980.

Bambancin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na tsada. A yawancin matsaloli iska ce ta fi ƙarfe yawa a cikin raga, domin dole a kewaye abin da ake nazari da sarari mai faɗi don filin ya samu wurin bajewa. A ragar yankuna masu fuska huɗu, yawan gefuna ya kai kusan ninki bakwai na yawan ƙulle-ƙulle. Ma'anar wannan ita ce idan ɓangaren iska yana da ƙulli 200,000, tsarin Omega zai nemi adadi 200,000 a wurin, shi kuwa tsarin A da aka ɗora a kan gefuna zai nemi kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Ga wanda ke aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, sau da yawa shi ne tsakanin a samu amsa a yau da kuma kwamfuta ta tsaya cik. Wannan arha na daga cikin dalilan da suka sa manhajar Ansys Maxwell ta dogara da tsarin T da Omega a lissafinta mai fuska uku.

Amma arhar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne tambayarmu ta biyu, wato batun rami. A ɗauki zoben alminiyam da kwarara ke zagayawa a cikinsa. Dokar Ampère ta ce idan aka bi wata hanya a cikin iska wadda ta shiga ta ramin zoben ta zagayo ta bayansa ta dawo inda ta fara, jimillar H a kan hanyar daidai take da kwararar da ke cikin zoben. Shi kuwa gangaren adadi guda, duk inda aka zagaya aka dawo mafari jimillarsa sifili ce, kamar mai hawa dutse da ya sauko ya dawo gindin da ya tashi, hawansa da saukarsa sun cinye juna. Saboda haka idan aka yi amfani da Omega haka kawai, lissafin zai tilasta wa kwararar da ke zagaya ramin ta zama sifili, kuma abin da ya fi ban tsoro shi ne manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta fitar da hotuna masu launi kamar komai lafiya. Maganin shi ne a shimfiɗa wata fuska ta tunani da ta toshe ramin, wadda ake kira yanka, a ƙyale Omega ya yi tsalle a kanta da gwargwadon kwararar. Ga rami ɗaya wannan abu ne mai sauƙi da hannu. Ga murfin taransifoma mai ramuka huɗu, ko koyil mai lanƙwasa da yawa, ko bututun sanyaya da suka sarƙe da juna, nemo yankan da suka dace aiki ne na ilimin siffofi, wanda P. R. Kotiuga ya shimfiɗa ka'idarsa a shekarar 1987, kuma sai daga baya aka samu kayan aikin da ke yin sa da kansu, kamar wanda ke cikin manhajar Gmsh. Akwai wata dabara ta gajeriyar hanya, wato a cike ramin da wani abu mai ɗaukar lantarki kaɗan ƙwarai don ƙarfen ya zama kamar ba shi da rami. Tana aiki, amma tana jefa lambobi masu nisan bambanci cikin lissafin, kuma hakan yana rage saurin warwarewa.

Tsarin A bai san wannan matsala ba ko kaɗan. Ko ramuka nawa ne a jikin ƙarfen, A yana nan a cikin iska da cikin ƙarfe baki ɗaya, kuma maganaɗisun da ya ratsa ramin yana shiga lissafi da kansa. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin shi ne ya kamata mai farawa ya fara riƙewa, ko da ya fi tsada, domin kuskuren da ake gani ya fi kuskuren da yake ɓoye sauƙin magani.

Sai dai shi ma yana da nasa tarkon, kuma tarkon ya kama manyan masana na tsawon shekaru. A farko an riƙa ɗora A a kan ƙulle-ƙulle, adadi uku a kowane ƙulli, kamar yadda ake yi a lissafin gine-gine. Oszkár Bíró da Kurt Preis na Graz a ƙasar Ostiriya sun tsara wannan hanya da kyau a shekarar 1989, kuma tana ba da amsa mai kyau matuƙar karɓar maganaɗisu iri ɗaya ce a ko'ina, kamar alminiyam a cikin iska. Matsalar tana fitowa ne inda baƙin ƙarfe ya haɗu da iska, musamman a kusurwoyi masu kaifi. Ɗora A a kan ƙulli yana tilasta wa dukkan ɓangarorinsa uku su ci gaba ba tare da tsalle ba a kan iyakar, alhali abin da dokokin suka buƙata shi ne ɓangaren da ke kwance a kan fuskar kaɗai ya ci gaba, wanda ke tsaye a kanta kuwa a ƙyale shi. Wannan ƙarin ɗauri yana haifar da kuskure babba, kuma ƙara wa raga laushi ba lallai ya kawar da shi ba. Mafita ita ce yankuna masu ɗora adadi a kan gefe, waɗanda Jean-Claude Nédélec ya bayyana a shekarar 1980, kuma Bossavit ya nuna cewa asalinsu yana cikin aikin Hassler Whitney na shekarar 1957. Su ɓangaren kwance kaɗai suke ɗaurewa. A yau idan ana maganar tsarin A mai fuska uku inda akwai baƙin ƙarfe, to na gefe ake nufi, kuma duk wanda ya gaji tsohuwar manhaja ya kamata ya bincika wanne take amfani da shi kafin ya amince da adadin zafin da ta ba shi.

Yankunan gefe sun zo da nasu nauyin. A cikin iska A ba shi da amsa guda ɗaya, domin ana iya ƙara masa gangaren kowane adadi ba tare da B ya canja ba, saboda haka jadawalin lissafin yana da gurgunta. Hanyoyi uku ake bi. Ta farko ita ce a zaɓi wasu gefuna da suka haɗa dukkan ƙulle-ƙulle ba tare da sun rufe da'ira ba, kamar rassan bishiya, a mayar da adadinsu sifili. Wannan yana cire gurguntar kuma ya dace da manhajojin da ke warware lissafin kai tsaye irin su MUMPS da PARDISO, amma yana sa masu warwarewa ta maimaici, waɗanda ke kusantar amsa kaɗan-kaɗan, su yi ta jan ƙafa. Ta biyu ita ce a bar jadawalin da gurguntarsa a yi amfani da maimaici, wanda yake kaiwa ga amsa da sauri muddin kwararar koyil ɗin da aka shigar ba ta da yoyo ko kaɗan a kan ragar, abin da ake tabbatarwa ta hanyar rubuta ta a matsayin murɗin wani fili. Ta uku ita ce a ba iska ɗan ƙarfin ɗaukar lantarki na ƙarya, wanda ya isa ya daidaita lissafin amma bai isa ya canja amsar ba. Ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita, domin mutane kan sa adadi ɗaya su manta, ba su sake gwadawa da wani don su ga ko amsar ta motsa ba. Ga matsaloli masu miliyoyin adadi, dabarar da Ralf Hiptmair da Jinchao Xu suka fitar a shekarar 2007, wadda ke cikin tarin manhajar hypre, ta rage tsadar tsarin A ƙwarai.

Akwai wani bambanci da ba a cika faɗa ba, alhali yana shafar ingancin abin da ake nema. Duk abin da aka samu ta hanyar ɗaukar murɗi yana rasa mataki ɗaya na laushi. A tsarin A, B ne ake samu ta murɗi, saboda haka da yankuna masu daraja ta farko, wato mafi sauƙinsu, B yana zama daram a cikin kowane yanki, yana tsalle daga wannan zuwa wancan, ita kuwa kwarara J tana fitowa kai tsaye daga A. A tsarin T akasin haka ne: H yana fitowa da laushi, J ce take zama tsani-tsani. Haka kuma tsarin A yana cika dokar Faraday, wadda ta ce canjin maganaɗisu yana haifar da ƙarfin wuta, daidai a kan raga, dokar Ampère kuwa a jimlace kawai, tsarin T kuma yana cika dokar Ampère daidai, yana tabbatar da cewa kwarara ba ta fita daga jikin ƙarfe ba, dokar Faraday ce yake cikawa a jimlace. Amfanin sanin wannan shi ne tsare-tsaren biyu suna kuskure ta fuskoki mabambanta, saboda haka idan aka warware matsala ɗaya da su duka a kan raga ɗaya, tazarar da ke tsakanin amsoshinsu tana nuna girman kuskuren ragar. A filin da ba ya juyawa an tabbatar da cewa ƙarfin da aka adana na gaskiya yana tsakanin amsoshin biyu. A kwararar zagaye babu irin wannan tabbaci, amma tazarar tana nan a matsayin ma'auni mai amfani, kuma manhajar GetDP ta Patrick Dular da Christophe Geuzaine a Jami'ar Liège ta Beljiyam tana ba mutum damar rubuta duka biyun kyauta.

Idan ƙarfen yana ƙoshi da maganaɗisu, ma'auni yana ƙara karkata ga A. Hanyar Newton, wadda ake maimaitawa har a daidaita da lanƙwasar B da H ta ƙarfen, ta fi samun nutsuwa a tsarin A, a tsarin Omega kuwa takan yi ta kai da komo sai an rage mata tsawon taku. Akwai kuma tsohuwar matsala ta Omega a cikin baƙin ƙarfe: idan aka raba H gida biyu, wanda koyil ya haifar da wanda ƙarfe ya mayar, to a cikin ƙarfen waɗannan biyun manya ne masu kusan soke juna, ɗan abin da ya rage kuma kuskure ya cinye shi. John Simkin da Bill Trowbridge sun magance wannan a Ingila a ƙarshen shekarun 1970 ta amfani da adadi iri biyu, ɗaya a iska ɗaya a ƙarfe, kuma manhajojin kasuwa sun gaji maganin, amma mai rubuta tasa manhajar zai gamu da matsalar da kansa. Ta ɓangaren haɗawa da da'irar lantarki kuwa, A da V ya fi dacewa idan ƙarfin wuta aka sani, T da Omega ya fi dacewa idan yawan kwarara aka sani, domin tsallen da ke kan yanka shi ne kwararar kanta.

Wuri guda da tsarin H ya yi fice shi ne lissafin wayoyin da ke ɗaukar lantarki ba tare da turjiya ba idan an sanyaya su ƙwarai. Tsarin A yana buƙatar ƙarfin ɗaukar lantarki, wanda a irin waɗannan wayoyi yake neman zama marar iyaka, shi kuwa tsarin H turjiya yake buƙata, wadda take kusa da sifili kuma lissafi yana jure ta. Shi ya sa tun tsakiyar shekarun 2000 masu wannan fanni suka rungumi tsarin H, galibi a manhajar COMSOL.

Yanzu mu koma kan tankin taransifoma, domin a nan ne duka tsare-tsaren biyu, na A da na T, suke gazawa tare. Bango ne mai faɗin mitoci da kaurin kimanin santimita ɗaya, zurfin shiga kuma milimita ɗaya. Idan za a sa yankuna uku a cikin wannan milimita, kowannensu kaurinsa sulusin milimita ne, kuma yankuna masu fuska huɗu ba sa son a miƙe su da yawa, saboda haka ragar za ta kumbura fiye da abin da kwamfuta za ta ɗauka. Ana iya rage wannan da yankuna masu siffar bulo ko masu siffar tsinken alli da aka jera siraran hawa-hawa a bin fuskar ƙarfen, kuma wannan ne ya kamata a fara gwadawa. Idan bai isa ba, sai a koma ga hanyar turjiyar fuska, wadda ake danganta ta da Leontovich na Rasha: ba a saka raga a cikin ƙarfen sam, ana ɗora wata ƙa'ida a kan fuskarsa wadda ta haɗa filin lantarki E da filin H kamar yadda za su kasance a ƙarfe mai kauri marar iyaka. Ribar tana da girma, kuma hanyar tana tafiya da kyau tare da Omega. Sharaɗinta shi ne zurfin shiga ya kasance ƙarami sosai idan aka gwada shi da kaurin ƙarfen da kuma lanƙwasarsa. A kusurwoyi da bakin ramuka sharaɗin ya karye, kuma abin takaici nan ne zafi ya fi taruwa, saboda haka jimillar zafin tanki za ta iya fitowa daidai alhali wurin da ya fi zafi ya fito ba daidai ba. Ga farantin alminiyam mai kaurin milimita 19 a 50 Hz, inda zurfin shiga yake milimita 12, wannan hanya ba ta da hurumi ko kusa.

Zuciyar taransifoma, wato ƙarfen tsakiya da ake naɗa koyil a kansa, kuwa matsalarta akasin wannan ce. Ana yin ta da siraran faranti masu kaurin milimita 0.23 zuwa 0.35, kowanne da rufin da ke hana lantarki tsallakawa, domin zafin kwararar zagaye yana tafiya ne da murabba'in kaurin farantin: idan aka raba kauri biyu, zafin ya ragu zuwa rubu'i. Tarin da ya kai milimita 270 na faranti masu 0.27 ya ƙunshi kusan faranti dubu, kuma babu mai saka wa kowannensu raga. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tarin a matsayin dunƙule guda wanda ba ya ɗaukar lantarki ta fuskar da aka jera farantan, a lissafa B, sannan a fitar da zafin daga baya da ƙa'ida ko da jadawalin masana'anta. Wannan ya wadatar matuƙar maganaɗisun yana bin tsawon farantan. Inda ɓataccen fili ya faɗo musu a tsaye, kamar a farantan waje kusa da ƙarshen koyil, kwarara tana samun fili mai faɗi ta zagaya, kuma dole a saka wa waɗannan 'yan farantan raga ta gaske.

Batun lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. Idan kayan ba sa ƙoshi kuma wutar tana juyawa sumul a sauri ɗaya, warwarewa ɗaya da lambobi masu ɓangare biyu, waɗanda a Turance ake kira complex numbers, ta isa. Idan akwai ƙoshi mai tsanani, ko wutar inbata mai yanke-yanke, ko motsi, sai an bi lokaci taku-taku, kuma a yi haƙuri har girgizar farko ta lafa, abin da kan ci zagaye da yawa kafin a fara auna zafi.

Idan aka tattara wannan ga wanda zai yanke shawara gobe da safe, ga yadda nake ganin lamarin. Wanda ke da ƙarfe mai ramuka, ko baƙin ƙarfe mai ƙoshi, ko koyil da ake ba ƙarfin wuta, ya ɗauki A da V a kan gefuna, ya biya kuɗin ƙwaƙwalwar. Wanda iska ta mamaye ragarsa, ƙarfensa dunƙule ne ko manhajarsa tana yin yanka da kanta, kuma kwamfutarsa ƙarama ce, T da Omega zai kai shi inda A ba zai kai shi ba. Wanda zurfin shigarsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin ƙarfen ba, ya duba turjiyar fuska, amma ya sake lissafa kusurwoyin da raga ta gaske. Wanda amsarsa za ta shiga zanen abin da za a ƙera, ya yi duka biyun ya kwatanta.

Kowanne aka zaɓa, kada a fara da matsalar da ake son warwarewa. Tun tsakiyar shekarun 1980 masana wannan fanni suka tara jerin matsalolin gwaji da ake kira TEAM, waɗanda aka gina su a zahiri aka auna, kuma ta bakwai a cikinsu kamar don wannan zaɓi aka yi ta. Farantin alminiyam ne mai tsawo da faɗi milimita 294 da kauri milimita 19, da rami mai kusurwa huɗu na milimita 108 wanda ba a tsakiya yake ba, sai koyil a samansa mai jimillar ampiya 2742 idan aka ninka da yawan naɗi, ana gwadawa a 50 Hz da 200 Hz. Koji Fujiwara da Takayoshi Nakata na Jami'ar Okayama a Japan sun tattara sakamakon ƙungiyoyi daban-daban a shekarar 1990 tare da abin da aka auna. A 200 Hz zurfin shiga ya sauko zuwa milimita 6, wanda zai nuna ko ragar ta yi laushin da ya kamata a cikin kaurin farantin. Ramin kuma zai tona asirin duk lissafin Omega da aka manta da yankansa, domin layin B da aka auna a saman farantin, daidai inda ya ratsa kan ramin, zai rabu da layin da kwamfuta ta zana tun daga kallon farko.